Selulos ɗin bakteriya a man shafawa: ya riƙe mai da ruwa, amma ba na kowace tukunya ba ne

Duk mai haɗa man shafawa a garin Kano ta san ciwon watan Afrilu. Ki haɗa kayanki su yi fari tas, ki ɗura a robobi, ki aika shago. Zafi ya haura digiri 40, rumfar kwano ta ɗauki wuta, sai ga yaro ya dawo miki da rabin katan: mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, abin ya tsinke. Mai shago ba zai ji wani bayani ba, kuma yana da gaskiya, don babu matar da za ta sayi man da ya rabu gida biyu ta shafa wa 'ya'yanta. Saboda wannan matsalar na sayi abin da zan ba ku labarinsa, na yi aiki da shi a bazara, na kuma yi aiki da shi a hunturu, don ban yarda in yabi kaya ko in kushe shi da ganin yanayi ɗaya ba.

Abin shi ne selulos, wato irin zaren da ke cikin auduga da itace, amma wanda bakteriya ke saƙawa. Na same shi a wani shagon kemikal na masu sabulu da man shafawa, cikin ɗan bokiti na kilo ɗaya, an shigo da shi daga waje. Idan kika buɗe murfin za ki ga wani farin abu mai kauri, ba shi da ƙamshi ba shi da wari, sai ɗan tsami-tsami can nesa idan kin kai hanci. Cokali yana tsayawa a cikinsa, amma da zarar kin juya sai ya saki ya zama kamar ruwa, kina dainawa ya sake tsayawa. Na ɗebi kaɗan na murza tsakanin yatsu: babu danƙo, babu yauƙi, sanyi kawai, ya bushe ya bar wani siririn fari a fata wanda ruwa ke wankewa nan take.

Takardar jikin bokitin ta ce ruwa ne da selulos da wani sinadarin kauri da ake kira CMC. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba a rubuta yawan selulos ɗin da ke ciki ba, ba a rubuta yadda ake aiki da shi ba. Na tambayi mai shagon, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba ya son komai. Ki zuba ki juya kawai. Ko maganin hana lalacewa ba sai kin sa ba, na halitta ne." Na ce, "Alhaji, ruwa fa ke ciki." Ya ce haka masu kawowa suka gaya masa. Zan dawo kan wannan maganar, domin ita ce ta fi ɓata mini rai a cinikin gaba ɗaya.

Tunda ba a rubuta ba, sai na auna da kaina. Na ɗebi giram 100, na shimfiɗa a faranti na shanya har ya bushe ƙayau. Abin da ya rage wani ɗan fallen abu ne mai haske, mai tauri, da ƙyar farce ke yaga shi, nauyinsa wajen giram 2. Ke nan kashi 98 cikin 100 na abin da na biya kuɗi a kansa ruwa ne. Wannan ba ha'inci ba ne, haka abin yake a asalinsa. Fatar da bakteriyar ke yi kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ce, kuma idan aka busar da ita zaren yakan manne da juna ya ƙi buɗewa, ko an sake jiƙa shi ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa ake sayar da shi a jiƙe, ko a gauraya shi da CMC don ya raba tsakanin zare da zare. Amma ya kamata a faɗa wa mai saye, don lissafinta ya dogara da wannan adadin.

Wasu za su ji an ce bakteriya su ja da baya. 'Yar'uwar waɗanda ke mayar da ruwan zaƙi ya zama khal ce, masana na kiranta Komagataeibacter xylinus. Ana ba ta sukari, ita kuma tana fitar da zare a saman ruwan, inda iska take, har ya taru ya zama fata mai kauri. Wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Adrian Brown, shi ya fara bayyana a 1886 cewa fatar nan da ke taruwa a kan khal selulos ce, irin wadda ke cikin auduga da itace. Bambancin shi ne ta bakteriya tsantsa ce, ba ta gauraye da sauran abubuwan da ke sa itace tauri ba, kuma zarenta siriri ne ƙwarai, faɗinsa bai wuce nanomita 100 ba. Sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi. A Filifin cin ta ake yi. Ita ce nata de coco, 'yan fararen yanka-yankan nan masu taushi da ake gani cikin wasu lemukan kwalba na Asiya, waɗanda wata masaniyar sinadarai, Teódula Kalaw África, ta fara yi da ruwan kwakwa a 1949. Kafin a sayar da irin na kayan shafawa kuwa, ana dafa fatar da ruwan soda a wanke ta sarai, bakteriyar ba ta rage a ciki.

Yanzu ga yadda yake riƙe mai da ruwa, don sai an gane wannan za a gane dalilin da ya sa yake ƙin wasu tukwanen. Kakin haɗi da muka saba da shi, wanda ake ce wa i-waks a kasuwa, dangin sabulu ne: gefe ɗaya yana son mai, gefe ɗaya yana son ruwa, sai ya tsaya a tsakani. Selulos ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai. Idan kika kaɗa mai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, sai zaren ya je ya lulluɓe kowane ɗigo. Kamar dai curin fura ne da aka mulmula aka birgima cikin gari: ki tara su fal ƙwarya, suna gogar juna, amma ba za su haɗe su zama dunƙule ɗaya ba, garin ya shiga tsakani. Zaren da ya rage bai samu ɗigon da zai kama ba kuma yana sarƙewa a cikin ruwan, ya hana ɗigon yawo. Wannan dabara ta riƙe mai da ƙananan ɓarɓashi ba sabuwa ba ce. Walter Ramsden ya lura da ita a 1903, sannan Spencer Pickering ya yi cikakken bayaninta a 1907, lokacin da yake neman yadda zai haɗa kananzir da ruwa don feshin itatuwan marmari a Woburn ta Ingila, kuma sunansa ake kiran irin wannan haɗin da shi har yau. A 2011 wasu masu bincike a birnin Nantes na Faransa suka ɗauki nata de coco suka farfasa zarenta da asid, suka nuna cewa shi kaɗai, ba tare da wani dangin sabulu ba, yana riƙe mai a cikin ruwa na tsawon watanni.

Haɗin da na fi yi don bazara mai sauƙi ne: kashi 20 mai, sauran ruwa da gilisarin kaɗan. Man kuwa na riɗi ne da na kwakwa da ɗan man kaɗe. A kilo ɗaya na loshan ina sa giram 200 na wannan farin abin, wanda ya kama selulos da CMC giram 4 ke nan. Ina fara zuba shi a ruwa in kaɗa shi shi kaɗai da bilandar hannu, sosai, har sai ya daina nuna gudaji ya koma sumul. Bayan nan nake tsiyaya man da na ɗumama, a hankali, bilanda na aiki. Wannan matakin na farko shi ne ran aikin. Idan aka tsallake shi, ko aka ce da muciya ko maburgi za a yi, zaren ba ya buɗewa, kuma abin da za ki samu shi ne ruwa da mai da gudaji suna iyo. Maganar "zuba ki juya" ba ta da tushe. Wadda ba ta da bilanda mai ƙarfi, ko wadda wuta ba ta zama a unguwarsu kuma ba ta da janareto, ta san da wannan kafin ta fitar da kuɗinta.

A gwajin zafi dai ya fita kunyata. Na haɗa loshan biyu da mai iri ɗaya, ɗaya da kakin da na saba, ɗaya da selulos, na ɗura a kwalabe masu haske na jera a tagar ɗakin sama, inda rana ke duka daga hantsi har la'asar. Na kakin ya fara sakin jiki, ya yi ruwa-ruwa, daga baya wani zobe na mai ruwan ɗorawa ya fito a wuyan kwalbar. Na selulos ɗin kaurinsa bai canja ba, da safe da rana duk ɗaya, kuma ban ga ko ɗigon mai a samansa ba. Dalilin a fili yake: kaki yana laushi idan ya ji zafi, zare kuwa ba ya narkewa. Na kuma ba direban da ke kai mini kaya Haɗeja kwalba ɗaya ya ajiye a motarsa, ta sha rana ta sha jijjiga a hanya, ta dawo yadda ta tafi.

Akwai wani abu da ya kamata a bambance, don kada wata ta zubar da kayanta a banza. Lokacin da na rage yawan selulos ɗin zuwa rabi don in ga ko zan yi tsimi, sai wani ruwa garai-garai ya taru a gindin kwalbar, kamar faɗin yatsa, farin kuma ya tashi sama. Da na girgiza sai ya koma daidai. Wannan ba tsinkewa ba ce. Ɗigon man ne suka taso sama saboda mai ya fi ruwa rashin nauyi, amma kowanne na nan a lulluɓe, bai fashe ba. Tsinkewa ta gaske ita ce wadda za ki ga mai tsagwaronsa yana ƙyalli a sama, kuma ko kin kwana kina girgizawa ba zai koma ba. Sai dai mai saye ba ruwanta da wannan bambancin, ruwa ta gani a ƙasa ta ajiye. Don haka na koma giram 200, na haƙura da tsimin.

A jiki kuma, nan ne ra'ayin masu sayen kayana ya rabu. Yana shiga fata da sauri. Da kin shafa sai ki ji kamar ruwan sanyi ya fashe a hannunki, sannan man ya biyo baya siriri, babu maiƙo, babu farin nan da loshan ɗin kaki ke ja a baƙar fata sai an yi ta murzawa. 'Yan mata da ma'aikatan da ke fita da rana sun so shi. Wata ɗaliba ta ce mini, "Anti, wannan ne kaɗai nake shafawa in shiga adaidaita ban ji ina narkewa ba." Amma wata dattijuwa da ta daɗe tana sayen kayana ta dawo da nata. Ta ce, "'Yata, wannan ai ruwa kika sayar mini. Ina man yake?" Na ce, "Inna, man da ke ciki daidai yake da na da." Ta ce ita dai jikinta bai shaida ba. Na musanya mata da tsohon haɗin, kuma ban ga laifinta ba. Mutanenmu da yawa da nauyin mai a fata suke gane an shafa mai, wannan kuwa ba ya ba da nauyin.

Wani aibin kuma, idan aka cika shi, ko aka shafa a kan hoda, ko aka yi ta murza wuri ɗaya, yakan yi 'yan birgima farare a fata, zaren ne ke nannaɗewa. Launinsa ma bai kai na kaki fari ba, yana ɗan ja zuwa ruwan madara, saboda bilandar gida ba ta farfasa mai ya yi ƙanƙanta kamar injin masana'anta.

Da hunturu ya shigo na gwada shi a man da ake nema lokacin, mai kauri na kaushi da faso, wanda man kaɗe ya fi yawa a ciki. Nan bai yi ba. Man kaɗe yana daskarewa da zarar ya huce, man kwakwa ma yana kamawa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, to ɗigon da ke cikin haɗin sai su zama 'yan tsakuwa, a ji su a yatsa kamar yashi mai laushi. Da na ƙara yawan man ya kusa rabi, zaren bai isa ya lulluɓe shi duka ba, sai ya fara zufar mai. Selulos ɗan ruwa ne, abin da ya iya shi ne riƙe mai kaɗan a cikin ruwa mai yawa. Wadda sana'arta man kaɗe da kakin zuma ce, wanda ba ruwa a ciki ko kuma ruwan kaɗan ne, ba ta da abin yi da wannan bokitin. Abin da ya ɗan yi mini kyau a sanyi shi ne haɗa su biyu: na rage kakin haɗi zuwa rabi na ƙara selulos kaɗan, sai na samu kirim mai jiki wanda kuma bai saki ba da zafi ya dawo.

Na dawo kan maganar hana lalacewa. Na ware kwalba ɗaya da gangan ban sa mata komai ba, kamar yadda mai shagon ya ce, na ajiye a kan kanta. Ba a daɗe ba wani baƙin ɗigo ya fito a ƙarƙashin murfin, sannan kore, sannan warin ya canja, kuma loshan ɗin ya fara sakin ruwa. Selulos daga sukari aka gina shi, kuma akwai fumfuna da ke cin sa. Tana ci tana yanke zaren da ke riƙe da haɗin. Duk man da aka sa wa ruwa yana buƙatar maganin hana lalacewa, na halitta ne ko ba na halitta ba. Abin da ke damuna shi ne mata nawa aka faɗa wa wannan maganar suka yarda, suka haɗa suka sayar, aka shafa wa jarirai, aka shafa a fatar da ta tsage. Fumfunar da ido ke gani ma da sauƙi, wadda ba a gani ita ce abin tsoro. Mai neman rajistar NAFDAC kuma ta sani za a gwada kayanta a ɗakin bincike, ba za a karɓi "na halitta ne" a matsayin hujja ba. Shi kansa bokitin, da zarar an buɗe, a firij nake ajiye shi, kuma da busasshen cokali mai tsabta nake ɗiba.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Kilo ɗaya na kakin haɗi, a kan giram 50 a kowane kilo, yana yi mini loshan kilo 20. Kilo ɗaya na wannan yana yi mini kilo 5, kuma ya fi kakin tsada a sikeli. Dole kuɗin roba ya tashi. A kantin da masu hali ke shiga an saya ba a yi magana ba, a shagon unguwa kuwa ya zauna.

Tsadar ce ta sa na tuna da ƙaro, wanda muke da shi a gida. Ƙaron dakwara da ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno, da Chadi da Sudan, shi ne kamfanonin lemon kwalba na duniya ke saye don ya riƙe musu man ɓawon lemo a cikin ruwa. Na jiƙa shi na gwada a loshan. Yana riƙewa, ba shakka, amma sai an zuba da yawa, ninkin-ba-ninkin na selulos, kuma yana barin danƙo a fata har yatsu na mannewa. A abin sha wannan ba matsala ba ce, a jiki kuwa da zafin bazara ba mai jurewa. Duk da haka ina ganin akwai aikin da ke jiran ɗalibanmu na kimiyya a nan, su duba ko ƙaro kaɗan da selulos kaɗan za su rufa wa juna asiri.

Wata ƙawata ta tambaye ni ko ba za mu noma abinmu da kanmu ba, tunda fatar da ke taruwa a kan kombuca, wani shayi da ake tsimawa har ya yi tsami, ita ce dai wannan selulos ɗin. Nomawa ba wuya: baƙin shayi, sukari, irin bakteriyar, da ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30, wanda Allah ya hore mana kyauta, cikin mako ɗaya zuwa biyu fata ta taru. Sodar wankewa ma duk mai sabulu tana da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne farfasawa. Na markaɗa wadda ta ba ni har bilanda ta yi zafi, amma ɓarɓashin ya ƙi yin laushi, ana jin sa a fata, kuma bai riƙe mai kamar na bokitin ba. Masana'antu da injin matsi mai ƙarfi suke warware zaren, kuma wannan warwarewar ita ce ainihin abin da ake biya.

Inda na fi jin daɗinsa, abin mamaki, ba a loshan ba ne. Ina yin sabulun ruwa na wanka mai garin kurkum da ɗan man darbejiya, kuma kullum garin yakan kwanta a gindi, man ya taso wuya. Cokali kaɗan na selulos a lita ya tsayar da komai a inda yake, garin ya watsu ko'ina cikin kwalbar ya tsaya cak, kuma sabulun bai yi kaurin da zai ƙi zubowa ba. Gishirin da nake sa wa sabulun bai dame shi ba, kumfa ma bai ragu ba. Daga baya na fahimci cewa manyan kamfanonin sabulun ruwa ma don wannan aikin suke sayen irinsa. A nan ɗan kaɗan ke isa, don haka tsadar ba ta ciwo.

Ban sa shi a abinci ba, kuma ban ba kowa shawarar ta sa ba. Gaskiya ne ana cin selulos ɗin bakteriya, amma wannan bokitin ba a rubuta masa cewa na ci ba ne, kuma daga shagon kemikal ya fito, kusa da buhunan soda.

Zan sake saye, amma don abu biyu kawai: loshan mara nauyi na bazara, da sabulun kurkum. Man hunturu yana nan a kan kakinsa da man kaɗensa. Na kuma gaya wa mai shagon cewa kafin in ɗauki bokiti na gaba ina son takardar masana'anta mai nuna yawan selulos ɗin da ranar da aka yi shi, kuma ya daina gaya wa mata cewa ba ya buƙatar maganin hana lalacewa. Ya ce, "In sha Allahu, Hajiya, zan tambayi masu kawowa."